Badon Gwaggo a Kwamin Baba

Kifayen sun shigo gidanmu ne a cikin bokiti, a kujerar gaba ta motar Baba, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Baba direba ne, yana jigilar fasinja da kaya tsakanin Rano da birni. A watannin nan ya yi ta samun wani irin lodi da bai saba da shi ba, domin masu gidajen shaƙatawa na bakin titi suna ta rufewa, suna kwashe kujeru da firji suna komawa garuruwansu. Wani daga cikinsu, mutumin Kudu, shi Baba ya kai wa kaya tasha. Da aka gama lodi sai aka ga saura wani akwatin gilashi cike da ruwa, da jajayen kifaye a ciki, babu inda za a sa shi. Mutumin ya ce a juye a kwata. Baba ya ce a ba shi bokiti.

Ya ba mu labari cewa tun daga birni har Rano fasinja ba su bar shi ya huta ba. Wani ya ce, "Alhaji, miyar nan ba za ta ishi gida ba." Wata tsohuwa ta leƙa bokitin ta ce ita dai ba ta yarda ba lalle aka sa musu ba.

A bayan ɗakunan gidanmu akwai ɗan lambun Inna, da zogale da lalle da bishiyar lemon tsami guda. A gindin lemon nan Baba ya sa aka gina kwami na siminti, zurfinsa bai wuce gwiwa ba, faɗinsa kamar tabarma biyu. Inna ta tsaya tana kallo har aka gama, sannan ta ce, "Kifin da ba a ci, ba a sayarwa, sai dai a ciyar da shi. Alhaji, iyali ka ƙaro mana kawai." Ya ce eh, kuma su ba su neman kayan salla.

Daga nan kullum in ya dawo daga tasha ya yi la'asar, sai ya ja kujerarsa bakin kwamin, ya murmushe ƙuli-ƙuli a tafin hannu, ya haɗa da dusa ya watsa musu. Akwai wani babba a cikinsu mai farin goshi, wutsiyarsa doguwa tana jan ruwa kamar bakin mayafi. Shi ne ba ya gaggawa. Sai sauran sun gama wawaso sannan ya taso a hankali ya ɗauki nasa daga yatsun Baba.

Baba ya rasu a farkon wata damina, bayan gajeriyar jinya. An yi zaɓe na biyu ke nan tun dawowar mulkin farar hula, fastocin 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon gidanmu ba. Inna ta shiga takaba. Ta ajiye kwalli da turare da lalle, ta sa tufafi marasa ado, ba ta fita ko zaure. Da 'yan gaisuwa suka janye, ƙannena suka koma gidajensu da makarantunsu, gidan ya rage daga ita sai wata maƙwabciya mai taya ta kwana. Ni ina aiki a gidan rediyo a birni, sai in zo ranar Juma'a da yamma in koma Lahadi.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Da Baba yana raye ta bakinsa saƙonta yake iso ni, ko ta bakin ƙannena. Yanzu duk babu su a gidan, sai ta samo wata hanya. In na shigo na gaishe ta na zauna nesa kaɗan, sai ta juya ga kwamin.

"Ku da kuke da mai zuwa daga birni," in ji ta ga kifayen, "ku ce masa dusarku ta kusa ƙarewa."

Sai in ce, "An ji."

"Ku tambaye shi ko ya ci abinci."

Ita da ta yi ta ƙorafi a kansu, ita ta gaji ciyar da su. A kujerar Baba ba ta zama, tabarma take shimfiɗawa a gefenta. Wata rana da yamma na ji ta tana ce musu, "Yadda ya bar ku, haka nake so in fita takabar nan in bar ku. Allah ya nufa." Ba ta sake faɗa ba, amma na gane cewa abin da ta riƙe ke nan. Da safe kafin ta karya sai ta leƙa su, da yamma ta sake leƙawa.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A Durba take, ta wajen Kibiya. Doguwa ce, muryarta tana riga ta shiga gida, kuma har Inna ta yi furfura ba ta daina kiranta Amarya ba. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki sai ga ta a kan acaɓa, da wani babban daro a cinyarta an rufe da ɗanyen ganye. Ta ƙi yarda ɗan acaɓan ya kama mata. Da kanta ta ɗora a ka ta shigo da shi har lambu.

"Amarya, ran nan da na zo na ga 'ya'yan ƙanena a fili tsirara, rana tana dukansu kamar marasa gata. Kifi ai da inuwa yake zama."

Bado ne, da saiwarsa da taɓonsa, kamar yadda ta haƙo shi. Ta ce daga tafkin bayan garinsu ne, inda Baba ya koyi iyo. Ta tattare zane ta shiga kwamin, ta zauna da kowace saiwa a kusurwa, ta danna taɓon da ƙafa. Inna ta yi ta godiya. Ni kuma Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai mai labaru, ka sa wannan a labaran ƙarfe bakwai, ka ce gwaggonka ta yi wa kifi rumfa."

Gaskiyarta ne game da inuwar. Cikin 'yan makonni ganyen ya baje a kan ruwa, ya fitar da farin fure mai buɗewa da safe. Kifayen suka riƙa shiga ƙarƙashi suna fitowa, launinsu ya ƙara ja. Na ga Inna ta miƙa hannu ta taɓa furen da ɗan yatsa.

Sai wata Juma'a na zo na tarar da ita a lambu. Ta ce wa kwamin, "Ku gaya masa ɗayanku ya tafi." Ta tsince shi da safe yana yawo a sama, cikinsa a yage. Na ce kyanwar maƙwabta ce, ko shirwa. Washegari na samo tsohuwar ragar waya na rufe kwamin, na danne gefenta da duwatsu. Mako na gaba an sake rasa wani, ga raga tana nan yadda na bar ta. Waɗanda suka rage kuma fiffikensu duk a tsattsage, kamar an bi su da almakashi mara kaifi.

Ranar Asabar bayan na dawo daga masallaci, gari ya fara haske, na ɗaga ragar na tsuguna ina duba ƙarƙashin ganyen. A kusurwar da Gwaggo ta danna taɓo na gan ta. Ƙaguwa ce, launin ƙasa, faɗin bayanta kamar murfin kwalba babba, ta ɗaga hannu ɗaya mai kama da awartaki. Da inuwata ta faɗa kanta sai ta ja da baya ta gefe ta nutse cikin taɓon. Kafin in tashi na ga ta biyu.

Na juyo, ashe Inna tana tsaye a bayana da carbi a hannu. Ban ga mamaki a fuskarta ba. Ta riga ni gani tun kwanaki.

Na ce, "A cikin taɓon nan suka zo. Da rana suna ɓuya, da dare in kifin ya kwanta a ƙasa su kama shi. Sai an cire badon duka, an kwashe taɓon, an wanke kwamin."

Ta dubi ruwan. "Ku ji shi fa. Yayar ubansa ta ɗauko kaya tun daga Durba, ta ɗora a kanta da tsufanta, ya ce a watsar a bola."

"Ba a bola ba. Ni zan je in yi mata bayani, za ta gane."

"Ka je ka ce mata me?" Ta ɗago ta dube ni. "Ka ce mata ta kashe wa ƙanenta kifi?"

Iya sanina, wannan ne karo na farko da ta dube ni ido da ido ta ce mini "ka". Ta mayar da idonta kan ruwan, ta ce a hankali, "A bar maganar nan a nan."

A wurin aikina an koya mana cewa in abu ya faru, a faɗe shi yadda yake, da wanda ya yi, da dalili. A gidanmu kuwa kyautar dangin miji ba a mayarwa, ba a kushewa, balle a tumɓuke ta, kuma balle ga macen da ke zaman takabar ɗan'uwansu. Inna tana son kifayen su rayu, kuma ba za ta taɓa ganye ɗaya na badon ba. Aikina shi ne in nemo abin da zai yiwu a tsakanin biyun.

Wani abokin Baba a tasha ya ce in ɗiga maganin ƙwari na gona, wai kafin azahar an gama da su. Na tambaye shi kifayen fa, ya ce au, ya manta da su. Na gwada kwashe kifayen na sa a randa. Kafin rana ta yi tsakiya duk sun taso sama suna haɗiyar iska, Inna kuma tana ta zagaya randar, ta kasa zama. Ta ce, "A mayar da su inda ya ajiye su." Na mayar.

Abin da ya ɗan yi aiki shi ne gwangwani. Na samo manyan gwangwanayen tumatir, na huhhuda gindinsu da ƙusa, na lanƙwasa murfin ya koma ciki yadda abu zai shiga ya kasa fita da sauƙi. A ciki nakan ɗaure kan busasshen kifi. Na sa wa kowanne zare, na nutsar da su kusa da saiwar badon, na ɓoye bakin zaren a ƙarƙashin dutse. Da safe a ja. Wata rana a samu ɗaya, wata rana biyu, wata rana kan kifin kawai aka cinye. A ranakun da ba na nan Inna ce mai ja. Takan juye su a tsohon bokitin nan na Baba ta rufe da faifai, in na zo in kai su rafin bayan gari in sake su, domin ta hana a kashe. Ta ce su ma ba su suka kawo kansu ba.

Na zaci za su ƙare. Sai ranar da na kama wata babba, na juya ta, na ga ƙarƙashin cikinta cike da 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar gero, suna motsi. Goyo take yi. Na gane cewa ba baƙi 'yan kaɗan muke kora ba, gari ne aka kafa a cikin taɓon. Ban nuna wa Inna ba.

Kifayen suka ragu har ana iya gane kowanne da kamanninsa. Wata safiya mai farin goshi ya taso cin abinci a karkace, rabin doguwar wutsiyarsa babu. Inna ta daɗe da ƙuli-ƙulin a hannu ba ta watsa ba. Ranar ba ta aiko mini da wani saƙo ta bakinsu ba, abincin rana ma maƙwabciya ce ta ce mini ba ta taɓa ba.

A makon ne Gwaggo ta aiko cewa tana tafe ranar Asabar. Tun da sassafe Inna ta sa na cire gwangwanayen, na kai bokitin ƙaguwar bayan rumbu na rufe da buhu. Na ƙirga zaren a gaggauce, ban lura ba na bar ɗaya a kusurwar da lemon ya yi wa inuwa.

Gwaggo ta iso da hantsi da ƙullin daddawa da kuka. Aka gaisa, ta sha fura, ta yi wa gwamnati faɗa a kan ramukan hanyar Kibiya, ta ce in gaya musu a rediyo ƙugunta ya kusa rabuwa biyu. Sannan ta ce bari ta ga rumfarta. Muka bi ta lambu, Inna a baya.

Ta yaba furen. Ta sunkuya tana neman kifayen a ƙarƙashin ganye, ta daɗe tana nema.

"Ina sauran?"

"Suna ciki, Yaya. Kunya suke ji."

Mai farin goshi ya fito a karkace. Gwaggo ta bi shi da ido har ya wuce. Sai ƙafarta ta taɓa dutsen, ta ga zaren, ta ja. Gwangwanin ya fito yana zubar da ruwa, da ƙaguwa a ciki tana karta gefensa da ƙafafu.

Gwaggo ta sa yatsu biyu ta kama ta ta baya, inda awartakin ba ya kaiwa, ta ɗaga ta sama tana juya ta.

"Amarya."

"Na'am, Yaya."

"Wannan fa?"

"Ruwan sama ne ya zo da su. Kin san bana an yi ruwa da yawa."

"Ruwan sama." Gwaggo ta jinjina kai. "Na tsufa ina ganin ruwan sama, ya zo da ƙanƙara, ya zo da kwaɗi, ban taɓa ganin ya zo da 'yar Durba ba. Wannan ai na san uwarta, na san kakarta." Ta juyo gare ni. "Kai kuma mai labaru, duniya kake ba labari, na gidanku ka zauna a kai?"

Na ce an hana ni ne.

"Na san wadda ta hana ka." Muryarta ta sauka. "Tun yaushe, Amarya?"

Inna ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. "Inuwar ta yi musu amfani, Yaya. Wallahi ta yi."

Gwaggo ta tsaya tana kallon matar ƙanenta. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannun da ba ya riƙe da ƙaguwar. Sannan ta jefa ta cikin gwangwanin, ta cire takalmi, ta tattare zane.

"To, ni na kawo, ni zan ɗauke abina. Ko akwai mai hana ni? Kai, kawo daro da bokiti. Kawo duk wanda kuka ɓoye ma, na san akwai."

Yini muka yi. Na kwashe kifayen da ƙwarya na sa a babban daro a inuwa, Inna ta zauna kusa tana ɗiban ruwan tana zubawa daga sama don kada su galabaita. Muka zubar da ruwan kwamin a gindin zogale. Gwaggo ta tumɓuke badon ɗaya bayan ɗaya, ta bi taɓon da hannu tana zaro ƙaguwa, manya da ƙanana, kowacce da zagin da ya dace da ita. Na kwashe taɓon da shebur, na goge simintin da tsintsiya, muka bar rana ta gasa shi.

Na ɗauka badon ya tafi ke nan. Amma Gwaggo ta zauna a kan turmi ta wanke kowace saiwa a ruwa mai tsabta, tana buɗe tsakaninta da farce, har ta yi fari tas. Ta sa na kawo tsofaffin kasake biyu da yashin gini, aka wanke yashin, ta dasa badon a ciki, ta danne da tsakuwa. Ta ce, "Rumfa dai ba za a fasa ba. 'Yan haya kawai muka kora."

Tana cikin wankin ne wata ƙaramar ƙaguwa ta datse ta a yatsa. Ta yarfe hannu ta yi salati, sai kuma ta fashe da dariya.

"Haka wata ta yi wa mijinki, yana ɗan mitsitsi. A babban yatsan ƙafa. Ya fito daga tafkin nan yana ihu tana lilo a jikinsa, har gida na goyo shi ba ta saki ba. Tabon ai har ya rasu yana nan."

Inna ta dakata da ƙwarya a hannu. "Na ƙafar hagu?"

"Shi."

"Ya ce mini jak ne ya faɗo masa, yana canza taya a hanyar Zariya."

"Jak!" Gwaggo ta buga cinya. "Jak mai ƙafa goma! Amarya, shekara da shekaru kina tausaya wa direba, ashe ƙaguwa ce ta yi masa kaye."

Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta yi ƙoƙarin dannewa saboda takaba, abin ya ƙi. Ta yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan kuma ya zama kuka, Gwaggo ta matso da hannunta mai taɓo ta dafa ta. Na ɗauki garwa na tafi rijiya, na daɗe ban dawo ba.

Kafin magariba mun cika kwamin, mun nutsar da kasaken, mun mayar da kifayen. Gwaggo ta ƙi yarda in kai ƙaguwar rafi. Ta ɗaure bakin bokitin da tsumma ta ce 'yan garinsu ne, ita za ta mayar da su gida, kuma in ɗan acaɓa ya yi gardama ta sakar masa ɗaya a wando.

Daga ranar ba a sake rasa kifi ba. Na bar gwangwani ɗaya a ciki na wani lokaci, bai kama komai ba. Wutsiyar mai farin goshi ta tsiro, amma ba ta koma tsawonta na da ba, kuma sabon wurin ya fito fari.

Inna ta fita takaba bayan an fara yankan gero. Ta yi wanka, ta sa sabon zane, mata suka ƙunsa mata lalle daga na lambunta. Kifayen ba su kai yadda Baba ya bar su ba, ita ma ta sani. Da yamma ta murmushe ƙuli-ƙuli ta watsa, ta rage kaɗan a yatsunta, ta sa hannu a ruwa ta jira. Sauran suka gama wawaso, mai farin goshi ya fito daga ƙarƙashin badon ya ɗauka.

Ina zaune nesa kaɗan, inda na saba. Ta ɗauraye hannunta, ba ta juyo ba.

"Ku ce masa gobe ya nemo mota," in ji ta. "Durba za mu. Ina so in ga tafkin nan."